Kibiyar Tsohon Inji

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa na rataye ku a kan zancen kujera, to ku sauko, ga shi na kawo. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ya nemi wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Kujerar tana cikin buhu, buhun yana bayan ƙofar gareji, ni kuma ina ta kai-komo kamar wadda ta ɓoye kayan sata.

'Yar kujerar tsugunno ce ta ƙarfe, maigidana ya haɗa min da sabon injinsa na walda. Na ce sabo, amma na hannu ne, a wajen wani dillalin tsofaffin injina ya samo shi. Ina zaune a kanta ina wanki ƙafa ɗaya ta fita fit, daidai wajen waldar, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Da kujera ce kawai, da dariya zan yi in wuce. Amma da injin nan ya haɗa gadon ƙarfen da tankin ruwa ke zaune a kai a bayan a-kori-kurar ƙanena Auta, kuma gobe ne Auta zai karɓo ta daga wajen mai fenti ya fara jigilar ruwa da ita. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Maigidana bakanike ne, in dai injin mota ne ba a ja da shi. Walda kuwa a waya ya koya. Mutum ne mai bin ƙa'ida, abin da aka rubuta shi yake yi, ba ragi ba ƙari. In na ce masa waldarsa ta saki, zai yi min shirun nan nasa mai cin rai. Shi ya sa na kira Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a walda kafin ido ya zaunar da shi.

Da hantsi suka iso, Umma na riƙe da hannun rigarsa, jakarta a kafaɗa.

Maigidana ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge hannu, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. Da kanku? Ai da an aiko na zo."

"In jira ka gama kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane? Tashi, Bakanike."

Na leƙa bayan Umma ban ga kowa ba. 'Yata a gidansu ta kwana. Aku muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa sai barci ya ɗauke ta.

"Umma, ina Aku?"

"Ta maƙale wa kawunta. Yana cewa zai fita ta riga shi bakin ƙofa."

"Ko takalmi ta sa?"

"Ɗaya dai na gani a ƙafarta. Ji jakata, duk tarkacenta ne ta cusa min, kamar ni ce kwandon gidan."

Baba ya yi murmushi.

"A bar min amaryata ta sha iska."

Na jawo musu benci suka zauna a inuwar rumfa. Ban tsaya dogon zance ba, don in na tsaya zuciyata za ta karaya. Na ɗauko buhun na zazzage a gaban Baba.

Maigidana ya dubi kujerar, ya dube ni.

"Yaushe ta karye?"

"Ba karyewa ta yi ba, Baban Aku. Saki ta yi."

"Kuma ba ki faɗa min ba sai da kika tara min jama'a."

"Jama'ar duka mutum biyu ne, kuma ɗaya ba ya gani sosai," in ji Baba. "Miƙo min nan."

Ya karɓi ƙafar kujerar, ya bi bakinta da babban yatsa a hankali. Ya ɗauki jikin, ya shafa inda ta fita.

"Hannunka yana da kyau," ya ce. "Layin ya tafi sumul, ba rawa."

Na ga kafaɗar maigidana ta ɗan sauka.

"Sai dai a sama ta zauna. Ba ta ci ƙarfen ba."

"Baba, yadda aka rubuta a kwalin sandar walda haka na yi. Kaurin ƙarfe kaza, wuta kaza. Ban taɓa ƙetarewa ba."

"Na yarda. Kunna min injin in ji."

Injin yana can lungu, lulluɓe da rigarsa. Maigidana ya yaye rigar ya ajiye a kan benci kusa da Baba, ya jawo injin a kan tayoyinsa, ya jona wuta.

Ya fara ƙugi, irin ƙugin nan mai kauri, can ƙasa kuma akwai wani ɗan kaɗawa, kar-kar-kar, kamar cokali a cikin kofi.

Baba ya karkata kai. Ya daɗe a haka.

"Kashe."

Aka kashe.

"Sake kunnawa."

Aka sake. Sai ya miƙe da kansa, ba tare da ya nemi hannun kowa ba, ya laluba har ya dafa injin. Hannunsa ya tafi kai tsaye wajen mariƙin, inda aka naɗe da tsohuwar robar taya.

"Uwata," haka yake kirana, "zo ki duba min. A gefen hagu, ƙasa, akwai wani faci mai kamar tafin hannu?"

Na sunkuya.

"Akwai, Baba."

"Jakin ɗaga mota ne ya faɗo masa. Ni na yi facin."

Maigidana ya matso kusa.

"Baba, kana nufin..."

"Injina ne. Wanda aka sace."

Duk gidanmu mun san labarin. Lokacin da aka kwantar da Baba a asibiti za a yi masa aikin ido, ɓarayi suka fasa shagonsa suka ɗauke injin. Yana fitowa ya tarar da wayam. Daga nan bai sake riƙe sandar walda ba. Maigadin layin, abokinsa tun suna samari, shi ya ɗora wa laifin sakaci, kuma har yau ko a hanya suka haɗu ba sa gaisawa.

Ni dai murna ce ta fara kama ni.

"Ikon Allah. Umma, kin ji? Ya dawo gida da ƙafarsa."

Na dubi Umma. Tana ta gyara bakin mayafinta, alhali babu abin da ya same shi.

"Wallahi Baba ban san na sata ba ne," in ji maigidana. "Dillalin cewa ya yi ya daɗe a ajiye a ɗakin kayansa. Har rigarsa ya haɗo min da ita."

"Riga?"

"Ga ta nan kusa da inda ka zauna."

Baba ya koma benci. Ya ɗauki rigar ya shimfiɗa a cinya, ya bi ɗinkin da yatsa har ya kai kusurwa. Sai a lokacin na dube ta da kyau. Kullum ina ganinta cikin ƙura da baƙin mai, ban taɓa lura ba. Tsohon labulen ɗakin Umma ne, mai zanen ganye, wanda muka yi wasan ɓuya a bayansa muna yara.

Baba ya juya fuskarsa wajen da Umma take. Muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Wannan rigar a gida take ranar da aka kai ni asibiti."

Umma ta sunkuyar da kai.

"Ke kika ce in kawo ki wanke. Na bar ta a kan igiya."

"Malam..."

"Ɓarawon ne ya biyo ta gida ya ɗauke ta a kan igiya, don kada injin ya sha ƙura?"

Maigidana ya fara ja da baya, irin na surukin da yake neman ƙasa ta tsage ya shige. Na riƙe masa hannun riga. In zan ji, shi ma sai ya ji.

Umma ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Ni na sayar."

Ta ɗago kai ta ci gaba.

"Ni na kira mai kura ya ɗauka. Ni na sa aka karya kwaɗon shagon don a ce ɓarayi ne. Rigar kuma na sa masa ne don... ban sani ba. Na ga bai kamata ya fita tsirara ba."

"Don me?"

"Ka san don me."

"Ina so in ji a bakinki."

"Likita ya ce in ka koma gaban wutar nan, ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi. A gabana ya faɗa, ka ce to. Muna fitowa daga ofishinsa ka ce min akwai ƙofar da ka yi alkawari, ita kaɗai za ka ƙarasa. Malam, tun ina amarya nake jin ita kaɗai ɗin nan. Da wane idon za ka ga jikokinka?"

"Sai ki ce min kin sayar."

"Da ka je ka karɓo shi kafin in rufe baki."

Baba ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba.

"Da na karɓo."

"To ka gani."

Na rasa bayan wa zan bi. Haushin Umma ya kama ni, tausayinta kuma ya fi haushin yawa. Shekara da shekaru tana jin Baba yana tsine wa ɓarayi a kan tabarma, tana cewa amin.

"Maigadi fa?" in ji Baba. "Kina kallo na ci masa mutunci a gaban mutane."

Nan ne idon Umma ya kawo ruwa.

"Ya sani. Shi ya riƙe wa mai kura ƙofa."

"Ya sani?"

"Na roƙe shi. Ya ce in dai idonka zai tsira, ka zage shi har ka gaji."

Baba ya ninke rigar gida biyu, ya sake ninkewa, ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon ƙasa da idon da ba ya nuna masa komai sai inuwa.

"Wato ni kaɗai ne baƙo a garin," ya ce.

"Ka yafe min, Malam."

"Wannan maganar gida ce, za mu yi ta a gida. Yau zan je wajen maigadin nan, ko zai kore ni." Ya numfasa. "Abu ɗaya ne ya dame ni yanzu. Da kin faɗa min za ki sayar, da na ce a gaya wa mai saye zancen kibiya."

"Wace kibiya?" in ji maigidana.

"Zo nan, Bakanike. Kai hannuna wajen da kake murɗa wuta."

Ya kai hannun Baba kan abin murɗawar. Akwai lambobi kewaye da shi, da wata 'yar kibiyar ƙarfe da ke nuna inda aka tsaya.

"A nawa ka yi aikin tankin?"

"Ɗari da ashirin, Baba. Haka kwalin ya ce. Kibiyar tana nan a kai ma, ban taɓa ta ba."

"Kibiyar nan ba ta asali ba ce. Ta asalin ta karye tun Uwata tana rarrafe. Na yanko guntun ƙarfe na liƙa a inda hannuna ya faɗa."

"Ba ka daidaita ta da lambobin ba?"

"Me zan yi da lamba? Ni da kunne nake aiki. Na sa ta ne kawai don in samu abin kamawa."

Maigidana ya ƙura wa kibiyar ido.

"To in ta nuna ɗari da ashirin..."

"Ƙarya take yi. Wutar ba ta kai nan ba, ko kusa. Ɗauko ƙarfe biyu irin na gadon tankin ka haɗa min yadda ka saba."

Umma ta yi saurin cewa, "Malam, idonka."

"Zan juya baya. Ai kin ci wannan yaƙin tuntuni."

Ya juya ya fuskanci bango. Ni da Umma muka kau da kai. Maigidana ya sa gilashin fuska, ya dangwala sandar. Haske ya cika rumfar, ƙarar tana fita a guntule, tana tsayawa tana tashi.

"Ka ji?" in ji Baba, bai juyo ba. "Tari take yi. Wutar da ta isa ba ta tari. Ƙararta ɗaya ce, shaaa, kamar an jefa abu a mai mai zafi. Ƙarasa dai."

Ya ƙarasa, ya kankare ɓawon. Ni da ban san komai ba, na ga layi mai kyau, har sheƙi yake.

"Ɗaure shi a bais, abin matse ƙarfen nan, ka ba shi guduma."

Ya ɗaure. Ya ɗaga guduma ya buga, ba ma da ƙarfi sosai ba.

Ƙarfen ya fita fit, ya yi tsalle ya faɗi kusa da ƙafar Umma. Bakinsa sumul, irin na ƙafar kujerata.

Maigidana ya tsaya da guduma a hannu. Ban taɓa jin tausayinsa kamar na lokacin ba. Mutumin nan ya hana kansa hutu yana aikin nan, yana aunawa yana sake aunawa, don kawai a ce shi ya tsayar da ƙanena da ƙafarsa.

"Ba laifinka ba ne," in ji Baba. "Ka tambayi inji, ya yi maka ƙarya. Yanzu murɗa. Ci gaba. Ƙara. Kar ka dubi lambar, ni za ka saurara."

Ya sake haɗa wasu. Wannan karon ƙarar ta miƙe, shaaa, ba yankewa.

"Yauwa. Nan ne."

Da ya huce ya ba shi guduma. Ya buga, ya sake bugawa, har ƙarfen ya lanƙwashe, waldar ko gezau.

Baba ya yi dariya, ta farko tun zuwansu.

"Ka ga tsohon banza. Yana nan da ƙarfinsa, baki ne kawai ba shi da gaskiya."

Har Umma sai da ta murmusa tana share ido. Ni ma na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na ce a raina, Allah Ya taimake mu kujera ce ta fara faɗa mana.

"To yanzu abin yi ɗaya ne," in ji Baba. "A sauke tankin, a kankare duk inda ka bi, a sake. Ni zan zauna a nan in ba ka kunne. Duka gadon da wannan wutar ka haɗa?"

"Duka, Baba."

"Har ƙafafun da suka kama jikin mota?"

"Har su."

"Da ƙarfen da ya tare tankin ta gaba, bayan kujerar direba?"

"Shi na fara yi."

Baba ya girgiza kai.

"Tanki in babu ruwa, ko da igiya ka ɗaure zai zauna. In ya cika ne ake sanin aiki. Ka taka birki a gangare, motar ta tsaya, ruwan bai tsaya ba. Duk nauyin gaba zai taho, kan mota zai nufa." Ya dafa gwiwa. "Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a kujera. Aika a kawo motar daga wajen mai fenti."

"Sai gobe za a karɓo ta ai," na ce. "Ko, Baban Aku?"



Ya ajiye gudumar a hankali, kamar mai tsoron kada ta yi ƙara.

"Baban Aku?"

"Fentin ya bushe da wuri."

"To?"

"Auta ya kira ni da safe. Ya ce tunda ta bushe, bari ya karɓo ta ya je ya cika tankin, ya gwada ta kafin gobe."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ya je."

Na juya wajen Umma. Ita ma ni take kallo, hannunta a kan baki.

"Umma, da kika ce Aku ta bi kawunta... a babur suka fita ko?"

"Ya ce mota zai ɗauko." Ta sauke hannun daga baki. "Ita kuma ta ce sai ta zauna a gaba."

Baba ya miƙe tsaye. Rigar injin ta zame daga gwiwarsa ta faɗi ƙasa.

"Ina yake ɗiban ruwan?"

"Rijiyar burtsatsen da ke saman tudu, Baba."

"Ta ina ake saukowa?"

"Hanya ɗaya ce." Maigidana ya dube ni, ya kau da ido. "Ta gangaren."

"Kira shi, Uwata. Ki ce ya tsaya a inda yake. Ko a tsakiyar titi ne ya kashe motar, ya sauke yarinyar, ya buɗe ruwan ya zube."

Na lalubo lambar Auta. Na danna, na kara a kunne.

Ta shiga.

"Tana shiga," na ce. "Alhamdu lillahi, tana shiga."

Sai muka ji kiɗan wayar a kusa da mu, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rami.

Duk muka dubi jakar Umma.

Ta durƙusa ta zuge ta. Ta fito da 'yar tsana mai hannu ɗaya, ta fito da takalmin Aku na hagu.

A ƙarƙashinsu wayar Auta ce, tana haske, sunana yana yawo a fuskarta.